Soson da Ke Cikin Ganga

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo cewa na cika tausaya wa Tela, na gani, na kuma ji. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku yanke mata hukuncin da kuka ga dama.

*

Tela ba ta yi niyyar taɓa gangunan ba, ƙura kawai ta zo gogewa. Mijinta Direba ya bar talabijin a kunne ya shige ɗaki da waya a hannu, wasan yana ta gudu shi kaɗai, ɗigo-ɗigon nan masu launi suna gangarowa a kan allon babu mai tarbarsu. Sai ta ɗauki sanda ɗaya da ya yar a kan kujera, ta ɗan ƙwanƙwasa shuɗiyar ganga daidai lokacin da shuɗin ɗigo ya iso.

Allon bai nuna komai ba.

Ta jira wani ɗigon, ta sake bugawa a hankali, irin bugun da hannun mara lafiya zai yi. Ko gezau. Ta ɗaga sandar ta maka da ƙarfi. Nan take allon ya haska, ya ƙirga mata.

Ta sauke sandar a hankali, ta dubi gangar.

Tunda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Direba ya taɓa masa hannun hagu, gangunan nan huɗu ne suka dawo da shi cikin mutane. Likitan motsa jiki ne ya ce ya nemi abin da zai riƙa sa hannayensa biyu su yi aiki tare, wani abokin aikinsa kuwa ya kawo masa gangunan wasan bidiyo da 'ya'yansa suka gaji da su. Na roba ne, kowace kamar faranti, ja da rawaya da shuɗiya da koriya, a jere kan ƙarfe. Ja ce ta gefen hagu, ita ce ta hannun nan mai ciwo. In ɗigo ya iso ka buga mai launinsa, in waƙa ta ƙare allon ya nuna maka makinka. Direba ya ce ai wannan titi ne, shi kuwa ya san titi. Kamfanin bas ɗin da yake wa tuƙi sun yi alkawarin ajiye masa motarsa zuwa ƙarshen wata, in likitansu ya gwada hannun ya ga ya dawo. Don haka makin nan ya zame masa likita na biyu. In ya hau, ranar har waƙa yake yi a banɗaki.

Matsalar ita ce a bene suke haya, a ƙarƙashinsu kuma Nas ce, mai aikin kwana a asibiti, wadda sai da rana take samun barci. Kiɗan wasan bai zama damuwa ba, Tela ta sayo masa abin sawa a kunne. Ƙafafun ƙarfen ma ta tsaga ƙwallayen tanis ta saka musu, ta shimfiɗa darduma a ƙasa. Amma tak-tak-tak ɗin sanda a kan roba ya ƙi mutuwa, yana bin bango yana sauka har kan matashin Nas. Nas ta yi haƙuri ta gaji ta kai ƙara. Mai gidan haya ya tare Tela a matakala ya ce ko gangunan su bar gidan ko su bi su.

Ba ta gaya wa Direba ba. Likita ya ja mata kunne a kan tashin hankali, ta ina za ta fara? Shi kuma tun farko ya gindaya mata sharaɗi. Ya ce ta yi duk dabarar da za ta yi a ƙafafun, amma kada ta taɓa masa fuskar ganga. To ranar da ya tafi ganin likita sai ta ɗauko sukudireban keken ɗinkinta, ta kwance gangunan ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin kowace roba akwai ɗan ƙarfe kamar kwabo da siririyar waya, shi ne mai jin bugu ya kai wa allo labari. Ta yanko soson da take sa wa kafaɗar riga, ta ninka shi biyu, ta shimfiɗa a kan kowane, ta mayar ta ɗaure tsaf. Aikin tela ne, ko mai ƙera gangar sai ya dube ta da kyau.

Gida ya yi shiru. Nas ta koma gaishe ta da fara'a. Makin Direba kuwa ya fara gangarowa, kullum ƙasa da na jiya. Ya daina waƙar banɗaki, ya daina tsokanarta, abinci ma sai ya juya cokali ya ture. Ita duk a zatonta gajiya ce. Sai yau ta gane cewa da hannunta ta toshe wa gangar kunne.

Ta juya za ta gwada jar gangar ke nan aka buga ƙofa, irin bugun da mutum ɗaya ne a duniya yake yi musu shi.

Yaya Babba ce, yayar Direba, wadda take kiransa Auta, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa bari kowa ya manta da haka ba. Ta shigo tana haki saboda matakala, ta dubi Tela, ta dubi sandar da ke hannunta.

"To, madalla. Ke ma kin shiga ƙungiyar makaɗan?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Gogewa nake yi."

"Da sanda ake gogewa yanzu? Ina Auta? Shi ya kira ni, wai in zo akwai magana."

Tela ta ajiye sandar. Shi ya kira ta? Direba da in ya ji muryar Yaya a matakala yake yin barcin ƙarya?

"Magana kuma? Wace iri?"

"Ni kike tambaya? Ba ke kike kwana da shi ba?"

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Direba ya fito a hankali, hannun hagun a cikin aljihun riga, wayar a ɗaya hannun. Ya gaishe da Yaya, ya zauna a kujerar da ke gaban gangunan, amma bai ko dube su ba. Ya ɗauki rimot ya kashe talabijin.

"Tela, zauna. Gara ki ji tare da Yaya, kada in maimaita."

Ta zauna a bakin kujerar keken ɗinki.

"Na kira manaja yanzu," ya ce. "Na ce su ba wani motar."

"Ka ce me?"

"Na ce ba zan zo gwajin ba."

Yaya ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Yau ka yi magana irin ta manya. Dama ni tun farko na ce wannan wahala ce. Ƙato da kai, da furfura a gemu, ka zauna kana dukan faranti kamar ɗan yaye. Ka zo shagon mijina ka zauna a kan kujera, ba tuƙi, ba hayaniya."

"Yaya, don Allah dakata," Tela ta ce, ba ta ma san ta katse ta ba. "Maigida, me manajan ya ce?"

"Ya ce in ƙara tunani. Na ce na gama."

"Bai ba kowa ba tukuna ke nan?"

"Ya ce in bai ji daga gare ni ba zuwa tashi daga aiki, zai kira wani."

"Ka kira shi. Ka ce masa ka fasa."

"Tela."

"Ka kira shi yanzu, don girman Allah!"

Yaya ta juyo gaba ɗaya. "Ke, lafiyarki? Mutum ya ce hannunsa ba zai iya ba, ke kina tura shi? So kike ya ɗebi bayin Allah cike da mota ya kifar da su? Ko albashin ne ya tsone miki ido?"

"Hannunsa lafiya lau yake, Yaya."

"Ke ce likita?"

"Na ce lafiya lau yake!"

Direba ya ɗago ya dube ta. Kallon bai yi mata daɗi ba, babu fushi a ciki, babu mamaki, kallon mutum ne da ya gaji.

"Kin ga makin da kanki," ya ce. "Da har na kusa cinye waƙa ban kuskure ba. Yanzu rabi ma da ƙyar. Duk ɗigon da ya wuce ni, ja ne. Mutum talatin da wani abu nake ɗauka a bayana, Tela. Ba zan riƙe sitiyari da hannun da ya kasa dukan roba ba."

Ta dubi Yaya, ta dubi ƙofa. Da ma Yaya ba ta nan. Da ma ta gwada gangar nan tun makon da ya wuce. Ta san in ta buɗe baki yanzu, har ta mutu sai an yi mata gorin wannan rana a gidan suna da gidan biki. Ta kuma san in ta yi shiru, kafin rana ta faɗi motar ta tafi.

"Ba hannunka ba ne," ta ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. "Ni ce."

"Ke ce me?" in ji Yaya.

"Na sa soso a cikin gangunan."

Can ƙasa a titi wani yana danna hon.

"Kin sa me?" Yaya ta tambaya.

"Soso. Na kafaɗar riga. Nas ta kai ƙararmu, mai gidan haya ya ce zai tashe mu, ni kuma na ji tsoron gaya wa Maigida saboda hawan jininsa. Na kwance su na sa a ciki don ƙarar ta ragu. Wallahi ban san zai hana su jin bugu ba. Yanzun nan na gwada, in ka buga a hankali ba ya ƙirgawa, sai ka maka da ƙarfi. Maigida, hannunka yana bugawa, gangar ce ba ta ji."

Yaya ta miƙe tsaye, haki ya tafi, ciwon gwiwa ya tafi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Auta, kana ji? Kana jin abin da matarka ta yi maka?"

"Yaya, ban yi da..."

"Rufe min baki! Yaro yana fama da ransa, yana rarrafowa, ke kin bi ta bayansa kin tare masa hanya? Dubi yadda ya rame! Dubi wuyansa! Ashe ke kike cinye shi a tsaye, kina kawo masa abinci kina sannu-sannu!"

"Ɗazu kika ce wasan yara ne," Tela ta ce cikin kuka, ita ma ba ta san ta ina maganar ta fito ba.

"Ko wasan kaji ne, nasa ne! Ya ce ki taɓa? Saboda barcin wata can kika zaɓi ki kashe min ƙane? Da kika ji maganar mai gidan haya, ba ni da waya ne? Ba ni da ɗaki a gidana?"

Ita Tela, Direba take kallo. So take ya yi faɗa, ya daka mata tsawa, ya ce ba ya son ganinta, duk za ta ɗauka. Amma yana zaune yadda yake, ido a kan darduma, kamar ba a kansa ake yi ba. Wannan shirun ya fi zagin Yaya ƙona mata rai.

"Ka yi magana mana," ta ce. "Ka ji abin da na ce? Ba ka yarda ba ne?"

"Na ji."

"To ka kira manaja."

"Bar shi, Tela."

"Ba zan bari ba! Tsaya ka gani da idonka."

Ta fizgo aljihun keken ɗinki har zare da allurai suka watse a ƙasa, ta ɗauko sukudireba, ta durƙusa gaban gangunan.

"Tela, na ce ki bari."

"Ƙyale ta ta tona asirin kanta," in ji Yaya, ta riƙe ƙugu.

Kusoshin suna ta zame mata. Ta fara da shuɗiyar da ta gwada. Ta ɗaga robar, ta zaro soson, fari, a ninke, ta ɗaga shi sama.

"Ga shi. Ka gani?"

Ta jefar, ta koma kan rawaya. Kusa ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujera, ba ta bi ta ba. Ta zaro na biyu.

"Ga wani. Duk haka suke. Ka ga kaurinsa? Ta yaya hannu zai ratsa wannan?"

"Ya isa haka."

"Bai isa ba, saura taka. Ita ce mai laifin duka."

Ta jawo jar gangar gabanta. Kusoshin wannan ba su yi mata gardama ba, suna taɓawa suka juya, ɗaya ma a karkace take, ba yadda ta ɗaure ta ba. Ba ta tsaya tunani ba. Ta ɗaga robar, ta kai hannu.

Babu komai a ciki.

Ɗan ƙarfen yana nan da wayarsa, tsirara, babu ko ɓurɓushin soso.

Ta leƙa ƙarƙashin robar ko ya manne. Ta duba ƙasa ko ya faɗi. Ta sake leƙa cikin gangar, kamar in ta daɗe tana kallo zai fito.

"Na sa," ta ce. "Wallahi na sa a nan. Ita na fara sa wa."

"Kin sa," Direba ya ce. "Ni na cire."

Ta juyo a durƙushe.

"Yaushe?"

"Makon jiya. Ranar da kika kai wa matar nan ɗinkinta."

"Ka... ka sani?"

"Hannun damana ai bai mutu ba, Tela. Na ji robar ta yi laushi. Na zare abin kunnen na buga, na ji ƙarar ba ita ba ce. Na ce bari in duba. Da gwiwa na danne ta na kwance, na sha wuya kuwa. Ina ɗagawa na ga yankan almakashinki."

Tela ta ajiye robar.

"Me ya sa ba ka yi min magana ba?"

"Ranar ai daɗi na ji. Wallahi da na ga soson nan sai da na yi dariya ni kaɗai a falon nan kamar mahaukaci. Na ce ashe matar nan ce, ashe ba ni ba ne. Har na shirya irin tsiyar da zan yi miki in kin dawo. Na bar sauran ukun yadda suke, don na san ba za ki yi haka kawai ba, akwai wanda ya matsa miki. Na cire na ja kaɗai, na mayar, na kunna waƙar da na fi iyawa."

Tela ta ji kamar ta toshe kunnenta.

"Sai me?" in ji Yaya, a hankali.

"Sai ɗigo-ɗigon ja suka yi ta wuce ni."

"Wataƙila wayar ce ta tsinke," Tela ta ce da sauri. "Wataƙila ni na lalata ta lokacin da..."

"Na buga da dama. Tana ƙirgawa, ko da ɗan yatsa."

"To gajiya ce. Ko tsoro. Ka riga ka sa a ranka."

"Haka na ce ni ma. Na ce gobe. Gobe ta zo, ya fi jiya lalacewa. Sanda ta fara zame min. Kina ganin ina cusa hannun a aljihu, kina zaton sanyi nake ji?"

Ta tuna kofin da ya fashe shekaranjiya, ya ce santsi ne. Ta tuna maɓallin rigar da ya ce ta ɗaura masa wai ramin ya yi ƙanƙanta. Ita da ta yi ramin da hannunta, ta yarda.

"Mako guda," ta ce. "Mako guda kana ji hannunka yana tafiya, ba ka gaya wa kowa ba? Likita fa? Ba ya ce in ka ji wani canji ka zo a ranar ba?"

"In na je zai rubuta. In ya rubuta, kamfani za su gani."

"Auta!" Yaya ta dafe ƙirji. "Mota ce ta fi ranka?"

"Shi ya sa na kira ki, Yaya. Yau na haƙura." Ya juyo ga Tela, idonsa ya kawo ruwa. "Na so a ce sosonki ne. Wallahi na so. Ɗazu da kike rantsuwa kina cewa ke ce, har na ji kamar in yarda."

Tela ta saki sukudireban. Ta rarrafa ta isa gabansa, ta zaro hannun daga aljihun da kanta. Ya yi nauyi, ya yi sanyi, yatsun sun lanƙwashe ciki. Ta tallafe shi da hannayenta biyu tana murzawa.

"Tun yaushe ya koma haka? Da safe ba haka yake ba."

"Tun ina waya da manaja na ji wani iri. Kamar ana zuba min yashi daga kafaɗa."

Ta lura maganar ta fara yi masa nauyi, kalmomin suna jan ƙafa. Ta ɗaga kai ta dubi bakinsa. Gefe ɗaya ya ɗan sauka.

"Yaya," ta ce, ba ta juya ba, "nemo mota. Yanzu."

"Me ya faru? Me kika gani?"

"Ki nemo mota na ce!"

Yaya ta yi ƙofa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, tana salati tana kiran maƙwabta.

Direba bai bi ta da kallo ba. Fuskar Tela yake kallo, ido cikin ido, kamar yaron da aka bari a bakin titi.

"Kada ki tashi," ya ce.

"Ina nan. Ba inda za ni."

"Tsoro nake ji, Tela."

"Na sani. Yi shiru, mota na zuwa."

"To ki riƙe min hannun nan, don Allah. Ko na ɗan lokaci ne."

Ta sunkuyar da kai ta duba.

Tun ɗazu hannun yana cikin nata, ta matse shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.